Kwana Biyar a Gindin Randa

Duk wanda ya ce muku Baba Almu mutum ne mai sauƙin kai, to bai taɓa kai masa takarda ya sa hannu ba. Ni na kai, shekara tara ina kaiwa, don haka ku bar ni in faɗi abin da na sani.

Sunana Rahmatu. A Dutsin-Ma nake aiki, a wani ofishin gwamnati da ba zan kama sunansa ba, tunda har gobe can nake cin abinci. Aikin sashenmu sayen kaya ne: iri, taki, maganin feshi, duk abin da ake raba wa manoman ƙauyukanmu da na Kurfi in damina ta kawo kai. Ɗan kwangila ya kawo kaya, a duba, jami'in saye ya sa hannu cewa kaya sun cika kuma masu kyau ne, sannan a buɗe sito a fara rabo. In babu hannun nan, ko buhu ɗaya ba ya motsi. Shekara ashirin da biyu hannun Baba Almu ne.

Mutumin Ɗantutture ne, can cikin Kurfi. Gajere, baƙi, mai ɗan gemu da ya ƙi cika. Ya fara aiki yana akawun sito da takardar sakandare kawai, ya yi ta hawa a hankali har kujerar ta zo masa. Babur ɗinsa ya girmi ƙanena na uku. Yana da jan biro guda a aljihun gaba, wanda ko darakta ya ce ara mini, sai ya ce, "Yallaɓai, bari in samo maka wani."

Abin da ya sa aka san shi daga Shema har Kurfi shi ne tsumma. In motar iri ta zo, Baba Almu ba ya kallon buhunan da ke bakin ƙofa. Sai ya tattare riga ya hau motar da kansa, ya sa a ɗaga masa na sama, ya nuna na tsakiya da na can ƙurya. A kwance baki, ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo. Ya koma ofis ya ƙirga ƙwaya ɗari cif, ya jera a kan wani tsohon tsumman atamfa da ya jiƙa, ya naɗe, ya ajiye a gindin randar ruwan da ke bayan ƙofarsa. Kullum da safe ya yayyafa ruwa. Rana ta biyar ya warware ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun yi yawa ya zaro jan biro. In ba su yi ba, ka zo ka kwashe kayanka.

Ya ce gwaggonsa ce ta koya masa, shekarar da mahaifinsa ya sayo irin gero a kasuwa ya shuka, gona ta tashi fayau babu komai. Bai cika ba da labarin ba. Abin da ya fi faɗa shi ne, "Kwana biyar." Ɗan kwangila ya yi magiya, kwana biyar. Ya yi fushi, kwana biyar. Ya aiko da rago gida, rago ya dawo a bayan babur yana kuka, kuma kwana biyar ɗin na nan. Manoma kuwa har suna suka sa wa irin ofishinmu. Ba sa cewa irin gwamnati, irin Almu suke cewa.

Ni da na zo da digirina ina ta ɗaga kai, ranar farko ya miƙo mini tsumman ya ce in wanke. Na je gida na yi kuka don haushi. Amma shi ya koya mini aikin nan kaf, yana kirana ɗiya, ina kiransa Baba.

Sai takardar umarni ta zo daga sama. Ta ce daga farkon shekara mai zuwa, ba wanda zai sake sa hannu a kan sayen kayan gwamnati sai wanda ya yi kwas na musamman, ya ci jarrabawa, aka ba shi satifiket mai lamba. Wanda bai samu ba a sauya masa wurin aiki.

Ni dai ban ga laifin dokar ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Na ga mutanen da suke sa hannu a kan abin da ko karanta shi ba su iya ba. Na ga wanda aka ɗauko daga sashen direbobi aka ba shi saye don ɗan'uwan wani ne. Ya kamata a tace. Abin da ban yi tunani ba shi ne wanda za a fara tacewa.

Baba Almu bai yi gardama ba. Aka tura mu Katsina mu huɗu, kwas na mako biyu. Shi ne ya fi kowa tsufa a ajin, shi ne kuma a kujerar gaba. Malamin da ke koyar da dokokin tallata kwangila ya sha tambaya har ya fara kauce wa idonsa. Wata rana ana maganar karɓar kaya, malamin ya ce in takardar gwaji daga ɗakin bincike ta zo tare da kaya, jami'i ya duba hatimi da kwanan wata. Baba ya ɗaga hannu.

"Malam, takardar ita ake shukawa ko irin?"

Aji ya fashe da dariya. Malamin ma ya yi, ya ce ai doka ba ta hana ka duba kaya ba, ta ma ba ka dama. Baba ya ce a nuna masa wurin. Aka nuna masa, ya ja layi da jan biro.

Ranar jarrabawa aka zaunar da mu gaban kwamfuta. Tambaya ɗari, awa biyu, kowace tambaya da amsa huɗu ka zaɓi ɗaya, maki sittin ake nema. Ba a rage maka komai in ka kuskure amsa, kowa ya san haka. Da na ga saura minti goma, tambayoyi ashirin da suka rage mini sai na bi su da canka, wannan na farko, wancan na uku, Allah ya ba mai rabo. Kowa a ɗakin haka ya yi. Da na waiga, Baba Almu na can ya dafa yatsa a kan gilashin kwamfuta yana bin layi, leɓensa na motsi. Lokaci ya cika, allon ya rufe kansa.

A waje na tare shi. "Baba, ka gama?"

"Na amsa arba'in da uku."

"Sauran fa?"

"Ban kai gare su ba."

"To ai sai ka danna kawai! Ko mene ne ka danna!"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "In danna abin da ban karanta ba?"

Sakamako ya fito. Ni saba'in da huɗu. Shi arba'in da ɗaya cikin arba'in da ukun da ya amsa. Ku duba fa, biyu kawai ya kuskure. Amma kwamfuta ba ruwanta, ta rubuta ya faɗi.

Farkon shekara darakta, Yallaɓai Mutawakkil, ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai tsoron takarda fiye da yadda yake tsoron mutane, amma ba mugu ba ne. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce an mayar da Malam Almu rajista, wurin karɓar wasiƙu, ni kuma in koma kujerarsa. Ya ce ana sake jarrabawar sau biyu a shekara, in Malam yana so. Sai dai tunda saura wata goma sha bakwai ya yi ritaya, ai da ya huta kawai.

Baba ya ce, "To." Ya tashi ya kwashe kayansa a kwali guda. Randar ya bar ta, ta yi masa nauyi. Tsumman kuma ya ninke ya sa a aljihu. Da lokacin jarrabawa ta gaba ya zo a watan Afrilu, na kai masa fom, ya ce in ba wani. Ya ce shi ya gama da injin da ba ya jiran mutum ya karanta.

Yanzu zan zo wurin da ba na son faɗa.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri. Manoma suka fara cika harabar ofis suna tambayar iri. Wani ɗan kwangila, Alhaji Zubair, mai babbar riga da turare mai hawa kai, ya kawo mota guda ta irin masara. Takardunsa tsaf, har da ta gwaji mai hatimi biyu. Darakta ya shigo ofishina sau uku kafin azahar. Daga sama ana ta buga masa waya, an riga an sa ranar bikin rabo. Na duba hatimi, na duba kwanan wata, na sa aka buɗe buhu biyu na bakin ƙofa, masara jawur da maganin da ake shafa mata, kyakkyawa. Na ɗauko biro.

Sai ga Baba Almu a ƙofar sito, da tarin wasiƙu a hammata.

"Ɗiya," ya ce a hankali, "kwana biyar."

Mutane na tsaye. Alhaji Zubair ya yi wani murmushi. Ni kuma kaina ya yi zafi, na ji kamar ana nuna wa duniya ni yarinya ce da aka ɗora a kujerar da ta fi ƙarfinta. Na ce, "Baba, takardu sun cika."

"Takardu sun cika, na ji. Bari in hau motar."

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, yanzu ba kai ke sa hannu ba."

Ya tsaya ya dube ni. Ya gyara wasiƙunsa ya juya. Ni kuwa na sa hannu, aka yi biki, aka ɗauki hotuna, aka yi rabo.

Bayan kwana goma sha biyu wasu dattawa huɗu suka zo daga Ɗantutture a kan babura biyu. Ba su nemi darakta ba, ba su neme ni ba. Rajista suka nufa. Na bi bayansu na tsaya a bakin taga. Babbansu, Malam Ɗanmusa, abokin Baba ne tun suna yara. Ya kwance bakin hankici a kan tebur. Ƙwayoyin masara ne da ya tono daga gona, sun kumbura sun ruɓe, babu wadda ta fasa.

Ya ce, "Almu, rami goma, biyu suka fito. Mu da muka ji irinka ne, ko gwadawa ba mu yi ba. Wasu har nasu na ajiya sun niƙa sun ci, sun ce ai na Almu na zuwa. Mi muka yi maka?"

Na tsaya ina jiran ya ce ba ni ba ne. Kalma huɗu ce, kuma gaskiya ce. Ko ya ce an cire ni, yarinyar can ce ta sa hannu, ga ta nan a taga. Na rantse da ya faɗa da na ji sauƙi.

Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murje ta a yatsa. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Ban duba ba."

Na koma ofis na rufe ƙofa. Kunya ta ishe ni. Daga baya aka kafa kwamiti, aka gano buhunan tsakiya tsohon iri ne na shekarun baya da aka sake wa buhu. Alhaji Zubair ya ce yaransa ne suka yi kuskuren lodi, aka ba shi takardar gargaɗi, sunansa na nan cikin jerin 'yan kwangila. Ni ba a taɓa ni ba, tunda takardu sun cika. Mutanen Ɗantutture suka sake shuka a makare, abin da suka samu bai kai rabin na kullum ba.

Washegarin zuwan dattawan, ina zaune sai ga Baba ya shigo ya ja kujera ya zauna gaban kwamfutata. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Koya mini abin nan. Ina son hannuna ya dawo."

Daga ranar, kullum bayan la'asar in an tashi aiki muna nan awa guda. Na samo tambayoyin gwaji, ina riƙe da agogo, shi yana fama. Kai, na sha wuya! Ya kama linzamin kwamfuta kamar zai shaƙe shi. In ya danna sau ɗaya sai ya danna sau uku. Turancin jarrabawa kuma doguwar jimla ce mai lauje-lauje, shi kuwa sai ya karanta tambaya sau biyu, ya karanta amsoshi huɗun duka ko da ya ga ta farko daidai ce, wai ƙila akwai wadda ta fi ta a ƙasa. Matarsa, Inna Rekiya, ta aiko mini da saƙo cewa in sassauta, mutum ya koma yana karanta mata ƙa'idojin buɗe tayin kwangila a kan tuwo.

Labari ya bazu a ofis. Matasa suka sa masa suna Ɗalibi. In ya wuce sai ka ji, "Ɗalibi, an yi aikin gida kuwa?" Yakan ce, "Ana yi." Wani daga cikinsu ma ya ja shi gefe ya ce ya san mutumin da zai iya shirya a zauna masa jarrabawar, ba wanda zai sani. Baba ya tambaye shi, "In ya zauna mini, shi zai riƙa hawa motar iri ko ni?" Mutumin bai sake tayar da maganar ba.

Abu ɗaya muka kasa shiryawa a kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo masa lissafi a takarda: in ka canki tambaya arba'in, ko ba ka san komai ba za ka dace da goma. Goma fa, Baba! Kyauta! Ya ce shi bai zo neman kyauta ba.

Watan Nuwamba na raka shi Katsina. Ya amsa hamsin da takwas. Ya ci hamsin da biyar. Maki biyar suka rage, tambaya arba'in da biyu kuma ya bar su fanko, ko taɓa su bai yi ba.

A hanyar dawowa motarmu ta tsaya a Kurfi ana sauke fasinja. Tun daga Katsina nake haɗiye magana, a nan ta ƙwace. Na ce, "Baba, kai wane irin mutum ne? Wata biyar ina barin 'ya'yana ina zama da kai! Minti ɗaya ya ishe ka ka danna sauran, da yanzu an wuce wurin. Wa zai cutu? Kwamfuta ce fa, ba gona ba ce! Taurin kai ne kawai, wallahi taurin kai ne!"

Fasinjoji suka waigo. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ke yarinya, ubanki ne fa."

Baba yana kallon waje, wajen hanyar da ta nufi garinsu. Ya ce, "Ɗiya, satifiket ɗin nan cewa zai yi na sani. In na canka, ya yi ƙarya ke nan, kuma da sunana a kai. Hannun da ya saba danna abin da bai gani ba, ranar da darakta ya tsaya masa a ka zai danna. Ke ba ki gani ba?"

Na gani mana. Na ja mayafi na rufe fuska har muka iso Dutsin-Ma.

Saura dama ɗaya, watan Afrilu, ritayarsa kuma farkon Yuni. Darakta ya sake kiransa ya ce, "Malam Almu, don Allah ka bar wahalar da kanka. Ko ka ci, kwana nawa za ka yi a kujerar? Za mu rubuta maka takardar yabo mai kyau."

Ya ce, "Yallaɓai, riƙe takardar yabon. Ko yini ɗaya ne ina so. Ba zan bar aikin nan ina mai raba wasiƙa ba, alhali mutanen garinmu na cewa Almu ya ba su ruɓaɓɓen iri."

Na daina maganar canka. Muka koma neman sauri ta hanyar da zai yarda. Na lura lissafi da tambayoyin karɓar kaya ba sa ɗaukar masa lokaci, dogayen na shari'a ne ke cinye shi. Na ce ya riƙa tsallake dogaye ya fara da gajeru, in lokaci ya rage ya dawo. Ya yi nazari, sannan ya ce wannan ba laifi, ai ko a mota ba dole ka fara da buhun farko ba. Ya sayi sabon tabarau. Ya daina sa yatsa a gilashi. Azumi ya zo, muka mayar da karatun da hantsi, lokacin da rajista ba kowa.

Ranar jarrabawa ban iya raka shi ba, ƙaramin ɗana ba lafiya. Da yamma ya bugo waya.

"Sittin da shida na amsa."

Na ce, "Baba, sauran talatin da huɗun?"

"Suna nan inda na same su."

Na ce innalillahi, wannan tsoho zai kashe ni. Ya yi dariya ya kashe wayar.

Sittin da uku ya ci. Da sakamakon ya fito na yi guɗa a tsakiyar ofis, ni da ban taɓa yin guɗa ko a bikin ƙanwata ba. Masu kiransa Ɗalibi suka zo suna miƙa hannu biyu. Amma doka ta ce sai satifiket ya zo hannu da lambarsa, satifiket ɗin kuma ya yi zamansa a Katsina mako bayan mako. Sai wata Litinin ya iso, saura kwana tara cif Baba ya ajiye aiki, ranar Laraba ta mako mai zuwa. Ni da kaina na rubuta wa darakta cewa a mayar masa da kujerarsa. Na kwashe kayana na koma ƙaramin teburin da na fara zama. Baba ya shigo, ya leƙa bayan ƙofa, ya ga randarsa a bushe. Ya sa aka wanke aka cika.

Ranar Talata sai ga motar iri a bakin get. Ta wa? Ta Alhaji Zubair, shi ya sake cin kwangilar. Ya fito daga ƙaramar motarsa yana gyara babbar riga, ya tambayi maigadi ko Hajiya Rahmatu na ciki. Maigadi ya ce tana ciki, amma Malam Almu ne a kujera, satifiket ɗinsa ya zo jiya. Ina kallo ta taga. Alhaji ya tsaya, ya ciro waya, ya kara a kunne, ya yi 'yan taku. Can sai ya yi wa direban babbar motar alama da hannu. Motar nan ta yi baya-baya, ta juya, ta kama hanya. Ko igiyar tamfol ba a kwance ba.

Na yi dariya har da hawaye. Baba bai ko ɗaga kai daga fayil ba. Ya ce, "Zai dawo."

Ya dawo ranar Juma'a da safe, da wasu buhunan daban. Daren Alhamis an yi ruwa mai yawa, harabar ofis cike da manoma. Baba ya tattare riga ya kama ƙarfen mota. Shekara sittin ba kaɗan ba ce, gwiwa na ƙara, amma ya hau. Ya sa aka ɗaga na sama, ya ɗebo daga tsakiya da ƙurya. Ya ƙirga ɗari, ya zaro tsumman daga aljihu.

Darakta ya biyo shi har ofis, ya rufe ƙofa. "Malam Almu, ka ga mutumin nan ya canza kaya, kowa ya gani. Ka sa hannu yau a yi rabo. Kwana biyar Laraba ke nan, ranar tafiyarka. In aka samu matsala ranar, shi ke nan, ka tafi ba ka sa hannu a kan komai ba. Duk wahalar nan da ka sha fa?"

Ni ma abin da ke raina ke nan, amma na kama bakina.

Baba ya yayyafa wa tsumman ruwa, ya tura shi gindin randa. Ya buɗe littafin kwas ɗinmu, ya nuna wa darakta layin nan da ya ja da jan biro tun a Katsina. Ya ce, "Doka ta ba ni dama in duba, ga shi. Da ba ni da takarda kun ce in yi shiru, na yi. Yanzu ina da ita. Kwana biyar, Yallaɓai."

Ya fita wurin manoma ya gaya musu da bakinsa. Aka fara gunaguni. Sai Malam Ɗanmusa, wanda ya zo karɓar na Ɗantutture, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Bara ba mu jira ba. Ku tashi mu tafi, Laraba ma rana ce." Suka watse.

Asabar da Lahadi Baba ya zo a kan babur ya yayyafa ruwa ya koma. Ni kuwa ko barcin kirki ban yi ba.

Laraba aka kafa rumfa a harabar ofis don bikin sallamarsa. An jera kujeru, an kawo lemo, Inna Rekiya da 'ya'yanta sun zauna a gaba, manoma sun cika bayan rumfa, Alhaji Zubair na jingine da motarsa yana ta duba agogo. Mai gabatarwa ya kira sunan Baba sau biyu a lasifika. Shi kuwa yana ofis a durƙushe gaban randa. Ya ɗauko tsumman ya ɗora a tebur, ya ce, "Ɗiya, warware. Ke za ki ƙirga."

Na warware. Farare-fararen saiwoyi sun huda atamfar ta ko'ina. Na riƙa ware su ɗaya-ɗaya ina ƙirgawa da ƙarfi, shi yana bi da ido. Tamanin. Tamanin da biyar. Casa'in da uku. Bakwai ne kawai ba su fasa ba.

Ya ce, "Sake."

Na sake. Casa'in da uku.

Ya zauna a kujerarsa, ya gyara tabarau, ya jawo takardar ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ana ta kiransa a waje. Sannan ya zaro jan biro ya sa hannu. A ƙarƙashi ya rubuta lambar satifiket ɗinsa, yana duba kowane harafi. Ita ce takarda ɗaya tak da lambar nan ta taɓa hawa.

Na ce, "Baba, maganar da na faɗa maka bara a ƙofar sito..."

Ya kakkaɓe tsumman, ya matse shi, ya ninke gida huɗu. Ya kamo hannuna ya sa mini, da sanyinsa da ɗan warin ƙasa. Ya ɗora jan biron a kai.

"Ai gaskiya kika faɗa, ɗiya," ya ce. "Yanzu ke ke sa hannu."

Ya gyara hularsa ya fita wurin rumfa. Ta taga na ji Malam Ɗanmusa yana ɗaga murya yana ce wa mutanensa su matso da babura, irin Almu ya fito.